Gajerun labaran ban tsoro na kuɗi a waya: abin da mai saye zai tarar

Daga watan Maris har ruwan fari ya sauka, ɗaki ba ya kwantuwa a Sakkwato. Zafin rana kan haura digiri 40, bango ya sha ya ƙoshi, dare ya yi ya riƙa amayo shi. Kowa sai ya ja tabarma tsakar gida. In aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai janareta can nesa da kukan sauro a kunne. Wanda bai taɓa karanta labarin ban tsoro a irin wannan dare ba, bai san abin da masu sayensa ke biya wa kuɗi ba.

Hajar da muke magana a kanta ita ce tarin gajerun labarai da marubutan intanet ke sayarwa, wato labari takwas ko goma ko sha biyu a haɗe, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Daban take da dogon littafin da ake ja wata uku ana bin soyayyar mutum biyu. Tana zuwa hannun mai karatu ta hanya uku: a guruf ɗin WhatsApp inda ake sakin ta kaɗan-kaɗan, ko a fayil guda kammalalle, ko a murya, wani ya karanta ka saurara. Hukuncinmu tun daga nan: kammalallen fayil shi ne ya cancanci kuɗi. Murya na biye masa in an dace da gwanin karantawa. Guruf kuwa, ga irin wannan labari, hasara ce.

Tsarin sayen bai da wuya. Marubuci kan saki labari ɗaya ko rabinsa kyauta a matsayin ɗanɗano, a ƙasa ya sa lambar asusu da lambar waya. Ka tura kuɗi, ka ɗauki hoton shaidar biya ka aika, a saka ka a guruf ko a turo maka fayil. Wasu na karɓar katin waya. Masu karatu na tsallaken iyaka, irin su Ƙonni da ke maƙwabtaka da Illela, galibi akan ba su lamba daban su biya da sefa. Inda ake samun matsala shi ne lambar asusun. Ɗanɗano yana yawo daga guruf zuwa guruf, kuma goge lambar mai abu a sa wata aikin minti ɗaya ne. Kafin ka tura ko sisi, nemo lambar marubucin daga shafinsa na asali, ka tambaye shi da kanka ko asusun nasa ne. Tun kana wurin ka yi tambaya uku: an kammala rubutawa? Labari nawa ne a ciki? Kalma nawa ce gaba ɗaya? Ta ukun ita ce ba a so. Abin da ake kira "shafi" a WhatsApp ba shi da ma'auni, saƙo ɗaya ne kawai, yana iya zama kalma 400, yana iya zama 2,000. Wanda ya ce maka littafinsa shafi 60 ne bai faɗa maka komai ba.

Akwai tambaya ta huɗu ga wanda yara ke taɓa wayarsa. Wasu na fakewa da labarin namijin dare ko auren aljana su cusa batsa. A tambaya kai tsaye, marubutan kirki ba sa jin haushi.

Me ya sa muka ce guruf hasara ce? Gajeren labarin tsoro abu ne na zama ɗaya. Kamar tuwo ne, in ya huce an rasa shi. Marubucin da ya yi wa mutum ɗari biyar alkawarin saki kullum, dole ya yanka labarin kalma 2,000 gida uku, kuma dole kowane yanki ya ƙare da wani "kwatsam" don a dawo gobe. To labarin da aka gina don ya razana ka sau ɗaya a ƙarshe, an tilasta masa ya razana ka sau uku, na ukun kuwa ka riga ka saba. Sannan ga surutu. Guruf ɗin WhatsApp na ɗaukar mutum har 1,024. In ba a kulle shi ta yadda shugabanni kaɗai ke magana ba, tsakanin yanki da yanki za ka tarar da sitika, da "Allah ya ƙara basira", da tallar atamfa, da wadda ta riga kowa karantawa ta rubuto, "Wayyo ashe uwar ce!" Shi ke nan, ta cinye maka kuɗinka. Wanda ya shiga a makare galibi ba ya ganin abin da aka saki kafin zuwansa, sai ya bi yana roƙon a sake turo masa. In kuma an kunna saƙo mai ɓacewa, ko na awa 24 ko na kwana 7 ko na kwana 90, abin da ka biya wa kuɗi zai goge kansa kana barci. Telegram ya fi dama-dama ta wannan fuska, don sabon shiga na iya ganin tsofaffin saƙonni in mai guruf ya buɗe, amma can ma akan hana ajiyewa da turawa saboda tsoron ɓarayin rubutu, don haka ranar da aka rufe guruf littafinka ya tafi.

Babbar illar ma ba a nan take ba. Marubuci yana karanta sharhin masu karatu kafin ya rubuta na gobe. Suka ce a tausaya wa yarinyar, sai ya tausaya mata. Labarin tsoron da aka yi wa ƙuri'a kuwa ya zama wasan kwaikwayo na rediyo.

Yanzu ga abin da ke cikin buhun. Bahaushe ba baƙon aljani ba ne a labari. Gatana, yadda ake ce wa tatsuniya a nan, da dare ake yin ta, har ana tsorata yara cewa mai yin ta da rana ɓacewa zai yi, kuma Dodo na nan cikinta tun kaka da kakanni. Littattafan farko na boko da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa ta 1933 ma akwai masu ɗauke da aljanu. Sai dai aljanun can na al'ajabi ne, jarumi ya yi hira da su, ya yaƙe su, ya samo dukiya. Abin da marubutan yanzu ke nema daban ne, so suke ka ajiye waya ka kasa zuwa banɗaki kai kaɗai. Gajarta kuma an ƙara sabawa da ita tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 domin mata marubuta, da ƙa'idar kalma 1,000 zuwa 1,500. Wanda ya taɓa matse labari cikin wannan awo ya san kowace jimla sai ta biya kuɗin zamanta. Ana gane hannun irin waɗannan marubuta tun daga sakin layi na farko.

Hanya mafi sauri ta auna ɗanɗano ita ce ka duba yadda abin tsoron ke shigowa. Ga misali biyu da muka ƙaga don a ga bambancin. Na farko shi ne wanda ya cika kasuwa: "Kwatsam sai ga wani ƙaton aljani baƙi ƙirin, idanunsa jajir kamar garwashi, haƙoransa zaƙo-zaƙo, ya bushe da wata mahaukaciyar dariya." An gama nuna maka shi, ba abin da ya rage ka ji tsoro. Na biyu: "Ƙishirwa ta tashe ta cikin dare. Ta haska fitilar waya kan tabarmar yara, ta ƙirga kawuna yadda ta saba, biyar. Ta gyara wa na ƙarshen zane, ta koma ta kwanta. Har barci ya fara ɗibarta sannan ta tuna huɗu ta haifa." Ba jini, ba ƙara, ba a ma ambaci aljani ba. Amma mai karatun da ke kwance tsakar gida a Mabera ko Runjin Sambo, yaransa na jere gefe, sai ya ɗaga kai ya ƙirga. Abin da ke aiki a nan hannunta ne da ya taɓa na ƙarshen. Marubucin da ya san sana'arsa ba zai bari ta juya ta haska ba. Zai bar ta kwance ta ba su baya, tana sauraren numfashi biyar har a kira assalatu.

Masu karatu na nan sun fi yaba labarin da ya ɗauko tsoronsa daga abin da suka sani: tsohuwar rijiyar da aka rufe da langa-langa a gidan gado, kangon da magada suka kasa rabawa, tsamiyar da aka yi hanya aka kauce mata, ɗan garuwa da ke kawo ruwa gidan da kowa ya san ba kowa ciki, hazon hunturu a bakin Gulbin Rima da asuba lokacin da ba ka ganin wanda ke gabanka sai dai ka ji takunsa. Camfe-camfenmu ma kaya ne: kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla, kada yaro ya kai magariba a waje, kada a amsa kira cikin dare in ba a ga mai kiran ba. Kowace ɗaya ƙa'ida ce da ke jiran wanda zai karya ta, kuma ba sai an yi wa mai karatu bayani ba, da ita ya tashi. Wanda kuma ya kwaso gidan bene mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da 'yar tsana mai motsi daga fina-finan waje ya liƙa musu sunan Hajiya da Alhaji, nan take ake ganewa. Budurwa mai kofaton jaki da ɗan kabu-kabu ya ɗauka da tsakar dare ita kuma ta tsufa, an ja ta har ta gaji, a bar ta ta huta.

Inda tarin labarai da yawa ke faɗuwa shi ne ƙarshe. Abu ya yi tsanani, sai a kira malam, ya karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, aljani ya yi kururuwa ya ce zai fita, a yi atishawa, a rufe da nasiha. Ba laifin ruƙiyya ba ne. Haka ake yi a zahiri, kuma a garin Shehu ba wanda zai sayi labarin da ke nuna addu'a ba ta ci. Matsalar ita ce in labari bakwai cikin goma duk ta wannan ƙofa suka fita, tun daga na uku ka daina jin komai, jiran malam kawai kake. Gwanayen sun samo mafita ba tare da sun taɓa aƙida ba. Addu'a ta yi aikinta, abin ya tafi, amma dalilin zuwansa na nan zaune a falo: gonar marayu da aka cinye, amanar da aka binne, kishiyar da aka yi wa ƙazafi. Malam ya tafi gida, haƙƙi bai tafi ba. Haka nan batun fatalwa. Akwai masu karatu da ba sa yarda a nuna mamaci ya dawo, don haka marubuci mai wayo kan bar ƙofa a buɗe, ko shi ne, ko wani abu ne ya ari kamanninsa, kuma shakkar ta fi tabbas firgitarwa.

Labarin maita na buƙatar kulawa ta musamman. Kayan aikinsa sanannu ne: ƙanƙara a ciki, kamun kurwa, a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake mara lafiya. Amma zargin maita ba wasa ba ne, har yau ana dukan tsofaffi saboda shi. Labarin da ya ƙare da cewa lallai tsohuwar nan mai jan ido ita ce, kuma an yi daidai da aka taru a kanta, bai ƙara wa kowa komai ba sai mugun zato. Wanda ya fi ratsa jiki shi ne wanda ya sa ka tsaya cikin taron, dutse a hannunka, yaron kuma ya ci gaba da ramewa bayan an kore ta.

Wani abin lura shi ne jerin labaran. Kusan kowa na sa mafi ƙarfi a farko, tunda shi ne ɗanɗano. In marubuci ya yarda, roƙi sakin layi biyu daga labari na biyar ko na shida, can ake ɓoye ciko.

Harshe ma na da nasa. In an ce labari a Rijiyar Ɗorowa ya faru, kaka ta buɗe baki da Kananci, an rasa mai karatun Sakkwato. Mafi muni shi ne Sakkwatancin aro, a mayar da "suka" ta koma "sunka" a bar sauran jimla yadda take. Tsohuwar nan "mi" za ta ce, da "wanga" da "wagga", da "shina", da "biyat", kuma "ɗiyana" za ta kira 'ya'yanta. Ko a yi shi duka a bakin mai magana, ko a bar kowa da daidaitacciyar Hausa, wadda ba wanda zai yi ƙorafi a kanta.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A labarin soyayya mai karatu na iya cike gurbi da kansa. A labarin tsoro, inda kalma ɗaya ke ɗauke da komai, rashinsu ɓarna ce. "Ta ji kara a bayan kofa" kara ne na dawa, ba ƙara ba. "Ya ga baki a zaure" kuwa, baki ne, ko baƙi, ko wani abu baƙi? Kafin ka warware, tsoron ya sha iska. Gboard, manhajar rubutu a waya, na da allon Hausa kyauta, don haka ba uzuri. Wani lokacin kuma marubuci ya sa su daidai amma fayil ya nuna ƙananan akwatuna a gurbinsu. Wannan na faruwa ne in an zaɓi salon rubutu na ado wanda ba shi da waɗannan haruffa, aka tura a fayil ɗin Word. Maganinsa PDF, don shi yana tafiya da haruffansa. Sai dai PDF da aka tsara a girman A4 ƙanana yake fitowa a waya, ka yi ta ja da yatsa hagu da dama. A nemi wanda aka tsara a A5. In Word ɗin kaɗai ake da shi, manhajar WPS Office na iya jera rubutun daidai faɗin fuskar waya. Rubutu zalla na kalma 20,000 bai kai megabait ɗaya ba, in ka ga fayil ya yi nauyi hotuna ne aka cusa. Da ya iso, a fitar da shi daga WhatsApp a ajiye wani wuri, ko a tura wa kai ta imel, don canjin waya ya cinye littattafai da yawa.

Murya kuwa sa'a ce. Labarin kalma 1,500 kan ɗauki wajen minti goma zuwa sha biyu a baki, kuma sauti na awa ɗaya a matsakaicin inganci wajen megabait 30 ne zuwa 60, don haka ba ya cin data kamar bidiyo. Ana samu a YouTube, ana kuma samu wurin masu tura fina-finai a memori. Mai karatu nagari ba ya canza murya ya yi ta aljani. Yana rage sauti ne, ya ja numfashi inda aka sa aya. Abubuwan da ke kashe shi: kiɗan tsoro da ya danne magana, ƙugin janareta a bayan fage, muryar da aka murɗa da na'ura har ta koma abin dariya, da talla da ke faɗowa daidai lokacin da ake buɗe ƙofa. Sauke shi tukuna ka saurara ba intanet. Muryar kwamfuta da wasu suka fara amfani da ita ba ta san dogon wasali da gajere ba, gari na zama da garin tuwo duk ɗaya ne a wurinta. A guje ta.

Wanda ya sami tarin da ya yi masa, ya ga zai so ya sake karantawa, buga shi a takarda ya fi, bayan ya nemi izinin mai shi, kuma kwafi ɗaya na kansa, ba na sayarwa ba. Shagunan buga takardu na kusa da makarantu duk suna yi. Lissafinsa: kalma 20,000 a shafin A5 mai ɗaukar wajen kalma 300 zai ba da shafi 67. Takardar A4 ɗaya in an buga gaba da baya aka ninke tana ba da shafi huɗu, don haka a cike shi 68, takarda 17 ke nan. A ce wa mai shago ya buga shi a tsarin ɗan littafi, ya fara gwada takarda biyu a ninke a ga lambobin shafi sun bi juna, don in an juya takardar ta gefen da ba daidai ba bayan zai fito a kife. Takarda mai nauyin giram 80 ta fi, mai 70 rubutun baya na lekowa. Takarda 17 na ɗinkuwa a tsakiya da doguwar sitefula, in ta haura 20 tsakiyar kan turo waje, sai a koma ɗaurin zobe. A zaɓi injin mai garin tawada, don mai tawadar ruwa gumin hannu kaɗai na jiƙa shi ya baje. Shi kuma mai garin yana da nasa hali a zafin nan: in shafin farko ya manne da bangon roba, rubutun kan tashi ya koma jikin robar. A sa farar takarda guda tsakaninsu, a kuma ajiye littafin a sama, ba a ƙasa ba, nesa da bango, saboda gara.